Biskit ɗin Amurka: ɗan burodin kaka da na teburin biki



Duk shekara in watan Nuwamba ya kama, ƴan uwanmu mazauna Amurka sukan turo hotunan teburin cimaka ta WhatsApp. Ga talotalo gasasshe, ga kwanonin miya, ga kuma wani kwando a gefe cike da ƴan dunƙule-dunƙule masu launin zuma. In ka tambaya mene ne wancan, sai a ce maka biskit ne. Nan gardama ke tashi, don mu biskit ɗin da muka sani shi ne busasshen nan na cikin leda da ake saya ma yara a butik. To sunan ne ɗaya, abin daban-daban ne. Wanga bayani a kan na Amurka yake: asalinsa, yadda ake yin shi a gida, ɗanɗanon da ake sa masa lokacin kaka da ranakun biki, da abin da ya kamata mutum ya tambaya kafin ya kai shi baki.

Mene ne shi

Biskit a Amurka ɗan ƙaramin burodi ne mai laushi. Faɗinsa kamar bakin kofin shayi, kaurinsa kamar yatsu 3 in ya tashi da kyau. Bayansa na da ɗan ƙarfi, cikinsa kuwa sala-sala ne, da hannu ake buɗe shi. Ba shi da zaƙi sai in an sa masa. Gishiri da mai da ɗan tsamin nono ake ji. Ba a sa masa yis irin na burodi ko na fanke, saboda haka babu zaman jiran ƙullu ya kumbura. Daga kwaɓi zuwa ci bai cika wuce minti 40 ba, kuma da zafinsa ake cin shi.

Kalmar daga Latin ta fito, ta biyo ta tsohon Faransanci, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu. A da haka ake yi ma guzurin matuƙan jirgin ruwa da na sojoji: a gasa, a sake gasawa har ya bushe ƙarau don ya yi watanni bai lalace ba. Ingila da Faransa suka riƙe sunan a kan busasshen, mu ma daga wurinsu muka karɓa. Amurkawa kuwa suka maida sunan kan mai laushin, busasshe mai zaƙi suka ce masa kuki.

Ɗan tarihi

Gidan biskit shi ne kudancin Amurka, jihohi irin su Bajiniya, Karolina, Jojiya, Tenesi da Kentaki. Kafin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, garin alkama na da tsada a can. Burodin masara shi ne na kullum, biskit kuwa sai ranar Lahadi ko in an yi baƙo.

Biskit na farko-farko ba shi da abin sa shi tashi, sai duka. Ana kwaɓa gari da mai da ruwa, a yi ta bugun ƙullun da muciya ko guduma, a naɗe, a sake bugu, rabin awa ko fiye, har iska ta shiga cikinsa. A manyan gidaje, bayi baƙar fata ne ke wannan wahala. Wata mai girki baƙar fata, Abby Fisher, ta sa yadda ake irin wanga biskit a littafinta na girki da ya fito a 1881.

Sauƙi ya zo ne daga toka. A littafin girkin Amelia Simmons na 1796 akwai amfani da wani gishiri da ake tacewa daga tokar itace don ƙullu ya tashi, dangin ruwan tokar da iyayenmu mata ke sa ma miya. A 1843 Alfred Bird a Ingila ya haɗa hodar tashin ƙullu. A 1846 aka fara yin bikarbonat na sayarwa a Amurka. A 1856 Eben Horsford ya yi rajistar wani sinadarin tsami da ya inganta hodar. Da injinan niƙa na zamani suka yawaita wajen ƙarshen ƙarni na 19, fulawa ta yi araha, biskit ya shiga gidan talaka. A 1875 wani baƙar fata mai sana'ar abinci a Filadelfiya, Alexander Ashbourne, ya yi rajistar ƙarfen yankan biskit. A 1931 kuma Lively Willoughby na jihar Kentaki ya yi rajistar ɗanyen biskit na cikin gwangwani da ake ajewa a firigo. Har yau ana sayar da shi, amma a kudu, mai girkin da ta iya na hannu ita ake yabo.

Kayan haɗi da aikin kowane

Fulawa, wadda wasunmu ke ce ma farin. In ta haɗu da ruwa aka murza ta, tana yin danƙo. Mai burodi danƙon yake nema, mai biskit kuwa gudunsa take yi. Shi ya sa mutanen kudu ke son fulawar alkama mai taushi, irin White Lily da aka fara niƙawa a Tenesi a 1883. Furotin ɗinta kamar kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ne, ta burodi kuwa tana kai 12 zuwa 13. In fulawar da ke hannunki ta burodi ce, ki ɗebe cokali 2 daga kowane kofi, ki maida gurbinsu da Maizena.

Mai. Wanda aka fi so shi ne man shanu daskararre na fakiti, wanda a butik ake ce ma ber. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa mai ne, mafi yawan sauran ruwa ne. Wanga ruwan shi ne asirin sala-salar. In ƴan gutsattsarin man suka shiga wuta da sanyinsu, ruwan cikinsu sai ya zama tururi, ya ɗaga ƙullun hawa-hawa. In man ya narke tun a kwano, fulawa ta shanye shi, babu abin da zai ɗaga.

Nono mai tsami. Abin da Amurkawa ke amfani da shi a da, shi ne nonon da ya rage bayan an kaɗe mai, wato tsala kenan a wurinmu. Kindirmo ma na yi in an ɗan sassauta shi da ruwa. In babu, a dama madara kofi 1, a matsa lemun tsami cokali 1, a bari minti 10.

Lebir na gato da bikarbonat. Bikarbonat in ya gamu da tsami yana fidda iska irin wadda ke cikin lemun kwalba, ita ke kumbura ƙullu. Lebir na gato kuwa bikarbonat ne da aka riga aka haɗa da nasa tsamin. Kada a ɗauko lebir na burodi, ba aikinsu ɗaya ba. Kanwa ƴar uwar bikarbonat ce, sai dai ƙarfinta ba ya da awo ɗaya, in ta yi yawa biskit ya yi rawaya ya yi ɗanɗanon sabulu. Gara a nemi na fakiti.

Awo

Littattafan girkin Amurka da kofi da cokali suke awo, zafin wuta kuma da ma'aunin Faranhait. Kofi 1 mililita 240 ne, in fulawa ce giram 120 zuwa 125. Babban cokali mililita 15, ƙarami mililita 5. Sandar ber guda ta Amurka giram 113 ce. Digiri 425 a fur ɗinsu daidai yake da kusan 220 a namu, 400 kuma kusan 200.

Ga awon biskit 8:

- fulawa giram 250, wato kofi 2
- lebir na gato babban cokali 1, ko ƙaramin fakiti 1 mai giram 11
- bikarbonat kwatan ƙaramin cokali
- gishiri ƙaramin cokali 1, ba tozo
- ber mai sanyi giram 90 zuwa 110
- nono mai sanyi mililita 180

Yadda ake yi

1. A fara kunna fur, a kai shi digiri 220. Biskit ba ya jiran wuta, wuta ke jiran shi.
2. A tankaɗe fulawa da lebir da bikarbonat da gishiri a kwano mai faɗi.
3. A yanka ber ƙanana, ko a goga shi da magogi, a zuba. A murtsuke da bakin yatsu da sauri har gutsattsarin su zama kamar ƙwayar wake. Kada a bari su ɓace gaba ɗaya.
4. A zuba nono, a juya da cokali har gari ya jiƙe kawai. Ƙullun zai yi kamar bai haɗu ba. Haka ake so.
5. A barbaɗa fulawa a faranti ko tebur, a juye ƙullun, a daddanna shi da tafin hannu. A naɗe shi gida 3 kamar wasiƙa, a sake dannawa. A yi haka sau 3 ko 4, a tsaya.
6. A bar kaurinsa santimita 2 da rabi. A yanka da abu mai kaifin baki. Ƙaramin gwangwanin tumatir da aka cire ma sama da ƙasa aka wanke yana yi, a dai kula da hannu. A danna tsaye a ɗaga tsaye. In an murɗa, gefen ya liƙe, biskit ya tashi a karkace.
7. A jera su suna taɓa juna, don kowane na tallafa ma ɗan uwansa ya miƙe sama. A shafa nono a kansu.
8. A gasa minti 12 zuwa 15, har saman ya yi launin zuma. Kada a buɗe fur cikin minti 10 na farko. In an fidda, a shafa narkakken ber.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi, biskit na cokali. A ƙara nono ya kai mililita 240, ƙullun ya yi ruwa-ruwa, a riƙa ɗiba da cokali ana ajewa a tire. Ba naɗi, ba yanka. Ba ya yin sala-sala, amma yana da laushi, kuma shi ya fi dacewa da wadda ke koyo.

Ɗanɗanon kaka

Kaka a Amurka daga ƙarshen Satumba take zuwa Disamba. Kamar a wurinmu, lokacin girbi ne, sanyi na shigowa, dankali da kabewa da tuffa sun cika kasuwa. Daga cikinsu ake samun ɗanɗanon biskit na wanga lokaci. Ƙa'ida guda ce ke riƙe da duka: duk abin da aka ƙara mai ruwa, sai a rage nono, duk abin da aka ƙara mai gishiri, sai a rage gishiri, busassun kaya kuma cikin gari ake zuba su kafin nono ya shiga.

*Na dankali.* Shi ne sarkin biskit ɗin kaka a kudu, kuma jihar Karolina ta Arewa ce kan gaba wajen noman dankali a ƙasar. Dankalin Hausa ake nufi, mai jan ciki, ba na turawa ba. Gasa shi ya fi dafa shi, don gashi na ƙara masa zaƙi ya rage masa ruwa. A ɓare, a murƙushe, a bari ya huce sarai. A awon da ke sama a sa dankali giram 180, sukari cokali 1, a rage nono ya koma mililita 60 zuwa 80. Saboda zaƙinsa yana saurin ƙonewa, a sauke wuta zuwa 200, a ba shi minti 15 zuwa 18. Ƴan uwa na can su lura: a kantunan Amurka sau da yawa ana rubuta "yam" a kan wanga dankali. Kalmar asalinta daga harsunan Afirka ta Yamma ne, amma abin da ke cikin kwandon dankali ne, ba doya ba.

*Na kabewa.* Kabewa, ko kabushi a bakin wasunmu, kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Amurkawa galibi ta gwangwani suke saye, mai giram 425, kuma jihar Ilinoi ce ta fi noma ta. Gwangwanin iri biyu ne, akwai zallar kabewa, akwai wadda aka riga aka sa ma sukari da kayan ƙamshi don wani gato daban. Zallar ake so. Mai yi da ɗanya ta turara ta, ta murƙushe, ta zuba a tsumma mai tsabta ruwan ya tsane. A sa giram 180, sukari cokali 2, nono mililita 60. Kayan ƙamshinta duk muna da su a kasuwa: kirfa rabin ƙaramin cokali, garin citta kwata, kanumfari da gyaɗar ƙamshi ɗan abin da yatsu 2 suka ɗauka. Kanumfari na da ƙarfi, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

*Na cuku da tafarnuwa.* Wanga shi ake kai ma miya da nama. Ana goga cukun turawa mai suna ceda giram 100, a haɗa da garin tafarnuwa rabin ƙaramin cokali da yankakken lawashi cokali 2, a rage gishiri da rabi. Ya fi kyau a yi shi na cokali. Busasshen cukunmu na wajen Tawa ba ya narkewa kamar ceda. In an daka shi aka zuba, ɗanɗano zai bayar, ba zai yi yauƙi ba.

*Na ganyen ƙamshi.* A teburin biki ana son biskit ya yi ƙamshi irin na talotalon. Ganyen da ake sa ma naman su ake sa masa: tayim, rozmari da wani da ake kira sej. In busasshe ne ƙaramin cokali 1 ya isa, in ɗanye ne babban cokali 1, a yanka shi siriri. Ɗan masoro na ƙara masa armashi.

*Na tuffa da kirfa.* Na safe ne. A yanka tuffa 1 ƙanana ƙanana, a tsane ta da tsumma, a haɗa da sukari cokali 2 da kirfa ƙaramin cokali 1, a rage nono da cokali 2.

A teburin biki

Babban bikin kaka shi ne Ranar Godiya, wadda suke kira Tanksgibin. Shugaba Abraham Lincoln ne ya maida ta ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, a 1941 kuma majalisa ta tsaida ta a Alhamis ta 4 ta watan Nuwamba. A Kanada Litinin ta 2 ta Oktoba ake yi. Dangi na taruwa daga nesa, a ci abinci tare da yamma. Wata guda bayan haka sai Kirsimati, teburinta ma kusan haka yake.

A arewacin ƙasar ƙananan burodi masu yis sun fi yawa a irin wanga teburi. A kudu kuwa biskit ne da burodin masara. Aikin biskit a nan shi ne share kwano: da shi ake dangwalar romon talotalo mai kauri, ko a buɗe shi a sa ber da zuma. Wasu gidajen suna farfasa biskit ɗin jiya su haɗa da burodin masara da albasa da romo, su gasa a tire a matsayin abin rakiyar nama.

Matsalar ranar ita ce fur guda ne, talotalo kuma ya kan yi awa 3 ko 4 a ciki. Dabarar masu girki ita ce, in an fidda talotalo ana barin shi ya huta kamar minti 30 kafin a yanka. A cikin wanga tsakani ake ɗaga wuta a gasa biskit, ya iso teburi da tururinsa. Ana lissafa 2 ga kowane baƙo. Wanda aka gayyata kuma, al'adarsu ce ya zo da wani abu a hannu, kuma kwandon biskit ɗin dankali ba ya ba mai shi kunya.

A kalacin safe

Washegarin biki, ragowar talotalo a cikin biskit ake cin ta. Sauran safiyoyin kaka kuwa ana cin shi da ƙwai, ko soyayyar kaza, ko zuma, ko wani madi mai kauri na tuffa da ake dafawa awoyi da kirfa har ya yi duhu.

Akwai wani abin shafawa da zai ba manomanmu mamaki. A Kentaki da Tenesi, cikin Satumba da Oktoba, ana yanke takanɗa, a matse ruwanta, a dafa a faffaɗan kasko har ya yi kauri kamar zuma. Irin takanɗar ya shiga Amurka cikin shekarun 1850, wani daga Sin, wani daga kudancin Afirka. Sukan murtsuka wanga madi da ber a faranti, su dangwala da biskit mai zafi. Wanda ya taɓa shan takanɗa a gona ya san rabin ɗanɗanon.

A birnin Girinsboro na Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar da yawa ke zaune, nan ne hedkwatar Biscuitville, kamfanin da ya gina sana'arsa a kan biskit na safe. Wanda ya sauka wanga gari, ko bai nema ba zai gamu da shi.

A tambaya kafin a ci

Ga wurin da muke so ƴan uwa su buɗe kunne. Man da kakannin mutanen kudu suka saba yin biskit da shi kitsen alade ne. Tun da man Crisco na tsirrai ya fito a 1911, da yawa sun koma kansa ko kan ber, amma har yau akwai gidaje da gidajen abinci da ke amfani da kitsen, kuma ido ba ya bambanta su. A jikin fakiti a duba kalmar "lard", in da Faransanci ne "saindoux". A gidan mutane kuma tambaya ba laifi ba ce, Amurkawa sun saba a tambaye su abin da ke cikin abinci.

Na biyu, farar miyar nan mai kauri da ake kwarara ma biskit da safe, galibi da niƙaƙƙen naman alade da kitsensa ake yin ta. Haka siraran yankan nama masu gishiri da ake sa ma biskit ɗin dankali a wajen biki, yawanci na alade ne. Mai sha'awar miyar zai iya yin tasa a gida: a soya niƙaƙƙen naman sa da ɗan mai, a barbaɗa fulawa cokali 2, a juya, a zuba madara mililita 400 kaɗan-kaɗan, a sa gishiri da masoro har ta yi kauri.

In za a yi shi a nan gida

Babban abokin gabar biskit a ƙasarmu zafi ne. Ber na narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma ta wuce haka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba da Janairu da sassafe. Mai firigo ta sa ber da nono har da kwanon fulawar a ciki kafin ta fara. Marar firigo ta sayi ƙanƙara, ta ɗora kwanon kwaɓin a kanta. Ɗanyen man shanu na Fulani na yi in an wanke shi da ruwan sanyi ya daskare. Soyayyen man shanu kuwa ba shi da ruwa a ciki, ba zai ba da sala-sala ba. Da shi sai a yi na cokali, a sa giram 70.

Rashin fur ba ya hanawa. Amurkawan farko ma a tukunyar ƙarfe mai murfi suke gasawa, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. A zuba rairayi mai tsabta a gindin tukunya kamar yadda masu gato ke yi, a rufe ta yi zafi sosai, a ɗora tire a kan rairayin. Garwashin sama ya ninka na ƙasa, in ba haka ba gindi ya ƙone sama bai nuna ba. A gwada da guda 1 tukuna kafin a sa sauran, fulawa da ber ba kayan wasa ba ne.

In bai yi ba, ga dalili

- Ya yi tauri: an murza ƙullun da yawa, ko fulawa ta fi awo.
- Bai tashi ba: lebir ya mutu, ko wuta ba ta kai ba. A zuba ƙaramin cokalin lebir a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba a sake wani.
- Ya baje, mai ya tsiyaye: ber ya narke kafin gashi.
- Ciki ɗanye, waje ya ƙone: wuta ta yi yawa, ko dankali da kabewa ba su tsane ba.
- Ɗaci ko ɗanɗanon sabulu: bikarbonat ya yi yawa, ko nonon ba shi da tsami.

Ajiya

Biskit ɗan yini guda ne. In ya kwana, a rufe shi da kyau, a ɗumama minti 5 a fur ko a kasko mai murfi. Na dankali da na kabewa, saboda danshinsu, kada su wuce kwana 2 a waje. Mai shirin biki za ta iya yanka ɗanyen tun mako guda kafin ranar, ta daskarar da shi, ta sa shi a fur da ƙanƙararsa, ta ƙara minti 4 ko 5 a kan lokacin gashi.

To jama'a, abin riƙewa bai wuce uku ba: mai ya shiga da sanyi, hannu ya yi sauƙi, wuta ta yi zafi. Ƴan uwa na ƙetare da suka gwada, da uwayen gida na nan da suka gasa a tukunya, ku aiko mana da yadda ta kaya, za mu karanta a shirinmu na girke-girke. Allah ya ba mu kaka mai albarka, mu kasance lafiya.